Yadda Ake Cin Moriyar Ranar Ruwa a Birnin da Ka Je Hutu: Sayayya da Cin Abinci Ba Tare da Jiƙewa Ba

Ka yi tanadi, ka ɗauki hutu, ka sauka a birnin da ka daɗe kana marmarin gani, kwana huɗu ko biyar kacal gare ka. Rana ta biyu ka ɗaga labule da safe, sai ka ga gari ya yi duhu, ruwa na zuba. Yawancin baƙi ɗayan biyu suke yi: ko su koma su ja bargo su yi asarar yini sukutum, ko su yi taurin kai su fita da tsarin da suka yi jiya, su dawo a jiƙe sharkaf da mura. Na yi duka biyun, ba sau ɗaya ba. Yanzu da gangan nake ajiye sayayyar tsaraba da zaman cin abinci mai kyau sai ranar da aka ce za a yi ruwa, domin su ne abubuwa biyu da dama a ƙarƙashin rufi ake yin su.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga bayani. A ranar ruwa ba yawan wuraren da ka je ake ƙirgawa ba, sau nawa ka fito fili ake ƙirgawa. Kowace fitowa jiƙewa ce, da naɗe lema da buɗe ta, da jan kaya a taɓo. In ka tsara yininka ya zama fitowa uku ko huɗu, kuma ka sa lokacin da ruwa ya fi ƙarfi ya same ka a zaune gaban faranti, ka gama da ranar.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Takalmi ne farko, ba lema ba. Nemi rufaffe mai ƙasan roba da ke da zane-zane. Daɓen tayil na manyan kantuna da matattakalar tashar jirgi suna yin santsi da zarar mutane sun shigo da ruwa a ƙafa, kuma takalmi mai sumul ɗin ƙasa ya kayar da mutane da yawa. Na fata mai tsada da na yadi ka bar su a ɗaki. Ka ƙara da safa guda ta canji a cikin leda. In takalmin da kake da shi yana shan ruwa kuma babu wani, sa safa, ka zura ƙafar a 'yar leda, sannan ka sa takalmin. Ba ado, amma ƙafa tana yini a bushe.

Lema ko rigar ruwa? Ni rigar ruwa mai hula na fi so, saboda mai sayayya yana buƙatar hannuwansa biyu, kuma iska tana birkice ƙaramar lema cikin daƙiƙa. Amma in ruwan tsaye yake sauka babu iska, 'yar lema mai naɗewa ta wadatar. In ba ka zo da ko ɗaya ba, tambayi masu karɓar baƙi a otal, da yawa suna ba da aro. Kada ka jira sai ruwa ya kece sannan ka saya a bakin titi, a lokacin ne ake tsuga mata kuɗi, kuma irin wadda ba ta kai yamma ce.

Sutura mara nauyi mai saurin bushewa. Wandon jins in ya jiƙe yana yin nauyi ya manne a jiki, ga shi sai ya kwana bai bushe ba. Ka riƙe wata 'yar riga ta ɗorawa ko da garin ba sanyi, domin shiga wuri mai na'urar sanyaya ɗaki da ɗanyen jiki yana sa mutum jin sanyi.

Sai jakar goyo, da babbar leda mai kauri da za ka shimfiɗa a cikinta, da ƙananan ledoji masu zif guda uku: ɗaya ta waya, ɗaya ta fasfo, ɗaya ta rasit. Ƙaramin tawul ko hankici. Batirin cajin waya na tafi da gidanka, tunda taswira tana cinye caji. Katin banki da 'yan tsabar kuɗin ƙasar. Da kuma takardar da ka rubuta sunayen waɗanda za ka yi wa tsaraba, da iyakar abin da ka yarda ka kashe.

MATAKI NA 1: KARANTA HASASHEN YANAYI AWA BAYAN AWA

Hoton gajimare da ɗigon ruwa da waya ke nunawa na yini guda ba ya gaya maka komai. Buɗe na awa-awa tun da dare, ka sake dubawa da safe. Lamba biyu za ka nema. Ta farko ita ce yiwuwar ruwa: in aka rubuta kashi 60 cikin 100, ana nufin yiwuwar a yi ruwa a wurin cikin wannan lokacin, ba wai za a shafe kashi 60 na yinin ana ruwa ba. Ta biyu, wadda mutane ke tsallakewa, ita ce yawan ruwan da milimita. Ƙasa da milimita 2.5 a awa yayyafi ne, ana iya tafiya a cikinsa da lema. In ya haura 7 ko 8 a awa, wannan shi ne kamar da bakin ƙwarya, babu lemar da za ta cece ka.

Rubuta awannin da lambar milimitan ta fi girma. Su ne lokacin zamanka. In manhajar tana da taswirar rada, wadda ke nuna hadarin yana tafiya, ta fi kowane hasashe amfani a kan awa ɗaya mai zuwa. In ba ka da intanet, tambayi ma'aikacin otal ko direban tasi. Ɗan gari ya san ko ruwan garinsu mai zubowa ya ɗauke ne cikin rabin awa, ko mai wuni yana tsugugi.

MATAKI NA 2: ZAƁI UNGUWA ƊAYA MAI RUFI

Ɗaya na ce. Kuskuren sabon shiga shi ne ya jera kanti a gabas, gidan abinci a yamma, kasuwa a kudu, duk saboda ya ga an yabe su. Nemi wurin da shaguna da wurin cin abinci da tashar mota ko jirgi suke cikin tafiyar minti biyar da juna.

Kusan kowane babban birni yana da irin wannan wuri, domin ba yau 'yan kasuwa suka fara rigima da ruwa ba. Babbar kasuwar Istanbul mai rufi, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 15 zamanin Sarki Mehmed na Biyu, tana da tituna kusan 60 da shaguna kimanin 4,000, sai ka wuni ciki ɗigo bai taɓa ka ba. A Faris akwai lungunan kasuwanci masu rufin gilashi tun ƙarni na 19, irin su Galerie Vivienne da aka gina a 1823. Milan tana da Galleria Vittorio Emanuele II da aka kammala a 1877. A Bolonya ta Italiya kuwa gefen titunan ne kansu aka yi wa rumfuna, tsawonsu ya kai kimanin kilomita 60, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2021. Toronto ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, da hanyoyin da ake kira PATH masu tsawon sama da kilomita 30, cike da shaguna da wuraren abinci. In birnin da kake ba shi da irin waɗannan, babban kanti mai hawa-hawa, ko rukunin shaguna na zamani, ko babbar tashar jirgin ƙasa za su yi aikin.

In da zaɓi, ni tsohuwar kasuwa mai rufi nake ɗauka a kan rukunin shaguna na zamani. Na zamanin duk kamarsu ɗaya a ko'ina a duniya, sai ka manta a wane gari kake.

Gargaɗi: duba ranar hutun wurin kafin ka fita. Babbar kasuwar Istanbul ba ta buɗewa ran Lahadi. A Jamus kusan duk kantuna a rufe suke ran Lahadi, sai na tashoshin jirgi da filin jirgin sama. Babu takaicin da ya kai ka ƙetare gari cikin ruwa ka tarar da ƙofa a garƙame.

MATAKI NA 3: KARYA KUMALLO, KA FITA DA WURI

Kada ka shiga kasuwa da yunwa, mai jin yunwa ba ya iya tayi, ba ya iya haƙuri. Ci wani abu, ka fita yadda za ka isa daidai lokacin buɗewa. Duk baƙin garin tunani ɗaya suke yi da kai, sai dai sukan ɓata safiya suna jiran ruwa ya tsagaita, don haka zuwa sha ɗaya wurin ya cika maƙil.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ko na cikin gari ya fi mota a irin wannan rana. Ruwa yana jawo cinkoso, tasi tana wuya, manhajojin kiran mota kuma suna ɗaga farashi in masu nema sun yi yawa. Ka duba wace ƙofar tasha ce ta fi kusa da inda ka nufa, wata ma kai tsaye take shiga cikin kantin. Ka ajiye kuɗin tasi don dawowa, lokacin da kake da kaya.

MATAKI NA 4: ZAGAYEN FARKO, IDO KAWAI

Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na farko kada ka sayi komai. Zagaya, taɓa, tambayi farashi, ɗauki hoton kayan tare da lambar shagon ko wata alama da za ka gane shi da ita, domin a tsohuwar kasuwa lunguna suna rikita mutum. Dalili biyu ne. Na ɗaya, shagunan bakin ƙofa sun fi tsada, abin da ka gani a can sau da yawa yana nan a ciki da rahusa. Na biyu, duk abin da ka saya da safe kai za ka yi dakonsa har dare, har teburin cin abinci.

Da shigarka ka kakkaɓe lemar a waje ka naɗe ta. A Japan za ka ga ledoji dogaye ko ma'ajiyar lema a bakin ƙofar kanti, a wasu wuraren bokiti ne. In babu, sa ta a ledarka. Ɗiga ruwa a kan yadi ko littafin mai shago ba ya sa a yi maka ragi.

MATAKI NA 5: ZAUNA CIN ABINCI LOKACIN DA RUWA YA FI ƘARFI

Nan ne zuciyar yinin, kuma nan aka fi yin kuskure. Koma ga awannin da ka rubuta. In ruwan zai tsananta daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, ka tabbata kana zaune tun ɗaya saura kwata. Da zarar ya ɓarke, kowa zai ruga neman mafaka, kuma mafakar kowa gidan abinci ce. Wanda ya riga ya zauna shi ke kallon layi ta taga. In wurin yana karɓar ajiyar tebur ta waya, yi tun da safe.

Ka san lokacin cin abincin garin. A Sifaniya abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, in ka je sha biyu ba za ka tarar da komai a wuta ba. A Faransa da Italiya gidajen abinci da yawa suna rufe kicin bayan biyu da rabi, sai bakwai na yamma. Wanda ya yi lattin zuwa sai ya ƙare da abin da ya samu. A ƙasashe da dama kuma akwai haɗin abincin rana na musamman, kwano biyu ko uku a farashi ɗaya, wanda ya fi na dare sauƙi ƙwarai a gida ɗaya kuma daga hannun mai dafuwa ɗaya. In kana son ɗanɗana gidan abinci mai suna, da rana za ka je.

Yadda nake zaɓar wuri: ina duba inda masu shagunan kasuwar da kansu suke ci. Ina guje wa wanda ya ajiye mutum a ƙofa yana jawo masu wucewa, da wanda jerin abincinsa ya kai shafi goma da hotuna, domin kicin ɗaya ba ya iya dafa abu ɗari da kyau. Gajeren jeri da tukunya mai tururi sun fi. Ka duba farashi a rubuce kafin ka zauna. Abin da ake sayarwa da awo, kamar kifi, tambayi nawa zai kama gaba ɗaya kafin a ɗora a wuta.

In akwai abin da ba ka ci, saboda lafiya ko addini, rubuta shi da harshen garin a waya ka nuna wa mai kawo abinci. Kada ka tsaya a kan naman da ke faranti, tambayi romo da man da aka yi girkin da su, a nan abin yake ɓuya.

Nemi tebur nesa da ƙofa, inda iska ba ta kaɗowa. Nemi abu mai zafi mai romo. Kada ka yi sauri, wannan zaman shi ne hutun. A nan za ka canza safa in ta jiƙe, ka sa waya a caji, ka buɗe hotunan da ka ɗauka ka tace su da takardar tsarabarka. Rabin abin da ya burge ka da safe za ka ga ba ka buƙatarsa bayan ciki ya ɗauka.

Wajen biya, duba takardar. A Italiya akan ƙara ɗan kuɗin zama a kan kowane mutum, ba cuta ba ce, haka tsarin yake. A Amurka ana sa ran tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin 100, a Japan kuwa ba a bayarwa sam. In duk gidajen abinci sun cika, nufi sashen abinci na babban kanti, galibi yana hawan ƙasa ko na can sama, ko ka tsaya a rumfar kasuwa inda ake dafawa a gabanka.

MATAKI NA 6: SAYAYYA, MARA NAUYI KAFIN MAI NAUYI

Yanzu ka san abin da kake so da inda yake. Fara da ƙanana marasa fashewa, ka bar masu nauyi da masu fashewa su zama na ƙarshe, daga shagon da ya fi kusa da ƙofar da za ka fita. Inda ake ciniki, ranar ruwa takan taimaki mai saye a shagunan da ke lungu, domin masu wucewa sun ragu. Taya da fara'a, kuma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. Inda farashi a rubuce yake, kada ka ja. A Amurka ka tuna kuɗin da ke jikin kaya bai haɗa da haraji ba, sai a wurin biya ake ƙarawa.

Babbar abokiyar gabar mai sayayya a ranar ruwa ita ce jakar takarda. Na taɓa fitowa daga wani kanti da kofunan tangaran shida a cikin irin jakar nan mai kyan gani, ban yi tafiyar minti uku ba gindinta ya jiƙe ya ɓalle a tsakiyar titi. Biyu suka tsira. Tun daga ranar, kafin in bar kanti nake juye komai cikin ledar jakar goyona, in naɗe mai fashewa da rigar ɗorawa. Littafi, kayan fata, yadi mai zuba da kayan lantarki kowanne ledarsa daban. In kayan sun fi ƙarfin jaka, roƙi mai shago ya ajiye maka zuwa yamma, ko ka nemi lokar haya, wato akwatin ajiya mai makulli, a tashar jirgi. Wasu manyan kantuna ma suna kai kaya otal.

In za ka biya da kati, na'urar takan tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarku ko da na ƙasar da kake. Zaɓi na ƙasar da kake. Ɗayan yana kama da sauƙi, amma canjin da suke lissafawa da shi ya fi na bankinka tsada.

Rasit kuma ɗauki hotonsa nan take ka sa shi a ledarsa. Takardar da na'ura ke fitarwa rubutunta yana gogewa da danshi da zafi, kuma da ita za ka mayar da kaya ko ka nemi a dawo maka da haraji. Ƙasashe da yawa suna mayar wa baƙo harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, na kayan da zai fita da su. A Tarayyar Turai sai ka nuna fasfo a kantin su cike maka takarda, kwastan su tabbatar da ita ranar tafiya, kuma kayan su bar yankin cikin wata uku bayan watan da aka saye su. Kowace ƙasa da mafi ƙarancin kuɗin da ta gindaya, a Faransa sai sayayyar ta haura Yuro 100 a kanti ɗaya. Saboda haka tara sayayyarka wuri guda ya fi rarraba ta. Ingila, Sikotilan da Wales sun soke wannan tsarin tun Janairun 2021, kada ka ɓata lokacin tambaya a Landan.

Kafin ka ɗauki abu mai nauyi, tuna da sikelin filin jirgi. Yawancin tikiti kilo 23 suke ba akwati ɗaya. Turare, mai, da duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100, a babban akwati zai tafi, domin mafi yawan filayen jirgi ba sa barin sa a jakar hannu.

MATAKI NA 7: IN RUWA YA RUTSA DA KAI A WAJE

Fake, kada ka yi gudu da kaya a kan santsi. Ruwa mai ƙarfi sosai sau da yawa ba ya daɗewa, kofin shayi ɗaya ya isa ya tsagaita. In ana walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi tsakaninta da tsawa: kowace daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ce. In kana jin tsawar ma, shiga gini, ba gindin bishiya ba, ka ba ta rabin awa bayan ta ƙarshe.

Kada ka taka ruwan da ba ka ganin ƙasansa. Ambaliya tana ɗage murfin lambatu ta bar rami a buɗe, kuma ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Hanyoyin ƙarƙashin gada su suke fara cika. Ka kuma ja baya daga bakin titi, in ba haka ba motar farko da ta wuce za ta yi maka wanka.

MATAKI NA 8: KOMAWA MASAUKI

Tashi kafin lokacin tashin ma'aikata, wajen huɗu da rabi, ko ka zauna ka sha wani abu har cinkoson ya wuce. Yanzu ne kuɗin tasin nan zai yi amfani. Ka sa a ɗauke ka a ƙofa mai rumfa, ko ka bi layin tasi na kantin.

Da isarka ɗaki, kafin ka kwanta, fito da komai daga leda ka baza, domin danshi in ya kwana a rufe wari yake yi. Buɗe lema ta bushe a banɗaki. Cire shimfiɗar cikin takalmi, ka cusa masa tsohuwar jarida ko takardar da aka naɗe maka kaya da ita, ka canza ta bayan awa biyu. Kada ka kanga shi a jikin na'urar ɗumama ɗaki, zafi yana busar da fata ta tsage, yana kuma sakin gam. In ruwa ya shiga waya, kada ka sa ta a caji sai ramin cajin ya bushe sarai. A bar ta inda iska ke kaɗawa, tusa ta cikin shinkafa ba ya ƙara komai.

Abincin dare kuma kada ka sake ƙetare gari dominsa. Ko ka ci a layin da otal ɗinka yake, ko ka taho da wani abu daga kasuwa. In dafaffe ne ka taho da shi, ci shi cikin awa biyu ko ka sa a firji. Sannan ka jera rasit ɗin da za a nuna wa kwastan wuri ɗaya da fasfo, ka ware kayansu a saman akwati inda hannu zai kai, domin jami'in yana iya cewa a nuna masa su kafin ya buga hatimi.